Rinin musin a kansar tumbi: yana faɗin inda ciwon ya dosa, ko ƙarin kuɗi ne kawai?

Ɗan Magarya: Assalamu alaikum malamaina. Tambayata kan sakamakon anapat, wato gwajin nama a labo, na kansar tumbi ce. A wasu takardu akan ga ƙarin layi na rinin musin a ƙasa: MUC1 ya fito, MUC2 bai fito ba, MUC5AC ya fito kaɗan. Wasu takardun kuma babu wannan layin sam. Dangin majinyaci tambayarsu guda ce: likita, yaya za ta kaya? Shin wannan layin yana taimakawa wajen ba su amsa? Kuma ya dace mu riƙa neman a yi shi duk sanda aka aika samfuri Yamai ko Kano?

Mai Madubi: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin a kai ga ciwo, a fara da lafiyayyen tumbi, in ba haka ba layin nan ba zai karantu ba.

Musin shi ne furotin ɗin da ke ba majina yauƙinta. Ƙashin bayansa furotin ne, amma fiye da rabin nauyinsa rassan sukari ne da suka lulluɓe shi kamar gashin buroshin wanke kwalba. Rassan nan ne ke riƙe ruwa. A tumbi, wannan yauƙin tare da bikarbonat shi ke sa ruwan tsami mai pH 1 zuwa 2 ya zauna a tsakiya, alhali a jikin bango pH yana kusa da 7.

Kowane musin da mazauninsa. MUC5AC yana can sama, a ƙwayoyin da ke fuskantar abinci. MUC6 yana ƙasa, a cikin zurfin gilan, wato ƴan ramukan bango masu fitar da ruwa, musamman wajen ƙofar fita ta tumbi. MUC2 kuwa baƙo ne, na hanji ne, lafiyayyen tumbi ba ya yin sa. Waɗannan ukun ana zubo su waje ne, kuma kwayoyin gadonsu suna jere wuri guda a kan kuromozom na 11. MUC1 daban yake: a dashe yake cikin fatar ƙwaya, kansa a waje, wutsiyarsa a ciki, kuma gadonsa yana kuromozom na 1.

To idan kansa ta taso, wannan tsarin ne ke birkicewa. Rinin imuno, wato shafa wa yankan nama sinadarin antikor mai kama furotin guda don a ga inda yake, yana nuna mana ta wace fuska ya birkice.

Ɗan Magarya: Na gode Malam. To wane birkicewar ce ta fi muni?

Mai Madubi: Wanda aka fi samun daidaito a kansa shi ne MUC1. A 1998 masu bincike na Kagoshima a Japan, ƙungiyar Yonezawa, suka wallafa cewa majinyatan da kansarsu ke ɗauke da MUC1 sun fi saurin mutuwa, waɗanda kansarsu ke da MUC2 kuma sun fi daɗewa. Bincike da dama da suka biyo baya sun sake ganin haka a kan MUC1, yana tafiya tare da kutsawa cikin jijiyoyi da kama kaluluwa.

Dalilinsa a fili yake. A lafiyayyar ƙwaya MUC1 yana saman kai kaɗai, gefen da ke kallon ramin tumbi. A ƙwayar kansa sai ya zagaye ta gaba da baya, har cikin cikinta. Dogo ne ƙwarai, yana miƙewa nanomita 200 zuwa 500 daga jikin ƙwaya, ya zarce duk ƴan ƙananan maƙalai irin su E-kadirin da ke haɗa ƙwaya da ƴar uwarta. Ka ɗauki mutane biyu da ke son gaisawa amma kowa ya rungumo damin kara: hannu ba zai kai ba. Ƙwayar da ba ta maƙale da ƴan uwanta ba ita ce ke ɓallewa ta bi hanya. Ga kuma wutsiyar nan ta ciki, amino asid 72, da ke kama furotin ɗin beta-katenin da EGFR tana aika saƙon a ci gaba da hayayyafa. Rassan sukarin ma sun gajarce, shi ya sa ake ganin guntayen sukarin da ake kira Tn da siyalil-Tn a ciwon kansa.

Don haka abin ba tatsuniya ba ne, yana da tushe.

Ƴar Zango: Yana da tushe Malam, ban musa ba. Amma ina so ƙanenmu ya rarrabe abu biyu tun yanzu. Akwai alamar da ke gaya maka ciwon nan mugu ne. Akwai kuma alamar da ke gaya maka ga maganin da zai ci shi. Musin, ko a inda ya fi ƙarfi, na farkon ne. Ka samu MUC1 ya fito ko bai fito ba, shimiyon da za ka rubuta, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ɗaya ne, fiɗar da za a yi ɗaya ce.

Kwatanta da HER2, wani furotin da ke yawaita a fatar ƙwayoyin kansar wasu majinyata. Gwajin ToGA na 2010 ya nuna ƙara maganin trastuzumab a kan shimiyo ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga wata 11.1 zuwa 13.8 ga masu HER2. Nan rini ya canza takardar magani. Haka MMR: idan furotin ɗin gyaran DNA sun ɓace, maganin garkuwar jiki yana aiki sosai, kuma nazarin da aka sake yi wa bayanan gwajin MAGIC a 2017 ya nuna irin waɗannan majinyatan ba su ci ribar shimiyon gaban fiɗa da bayanta ba. Ga kuma kulodin 18.2, furotin ɗin da maganin zolbetuximab ke nema, an amince da maganin a Japan da Amurka a 2024, sharaɗinsa kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin su rinu matsakaici ko sosai a fatarsu. Babu ko ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin jinya na Turai ko Amurka da ya ce a nemi MUC1 ko MUC2 kafin a yanke shawarar magani.

Iyalin da suka sayar da akuya ko buhun gero don a aika samfuri, idan kuɗinsu na rini biyu ne kawai, wallahi ba a kan musin zan kashe shi ba.

Ɗan Birni: Hajiya ta rigaya ni. Zan ƙara ta ɓangaren fiɗa. Amsar tambayar dangi tana cikin abu uku: zurfin da ciwon ya ci a bango, yawan kaluluwar da ya kama, da ko ya tsallaka hanta ko tantanin ciki. Sai na huɗu, ko an yanke shi da tsabtataccen baki.

A tsarin TNM na auna matakin kansa, bugu na 8, kaluluwa 1 zuwa 2 N1 ce, 3 zuwa 6 N2, 7 zuwa 15 N3a, 16 zuwa sama N3b. Ku lura da lissafin: wanda aka duba masa kaluluwa 5 kacal ba zai taɓa shiga N3 ba, ko da ciwon ya cika masa ciki. Shi ya sa ake son a duba aƙalla 16. Takardar da ta zo da layi huɗu na musin amma ta ce kaluluwa 4 aka gani, wannan an yi ado an bar wanka. Matakin da aka rubuta ba abin dogaro ba ne, kuma duk hasashen da aka ɗora a kansa ya rushe.

Gyaran wannan ba ya cin ko dala. Likitan fiɗa ya ware kitsen kowane rukuni tun a ɗakin fiɗa, ya sa a kwalba daban da lambarsa. Mai yanka a labo ya bi kitsen da yatsa a hankali, yanka-yanka na milimita 2 zuwa 3, domin kaluluwa mai ciwo takan zo ƙarama kamar ƙwayar dawa.

Mai Madubi: Ban ƙi maganarku ba, ku biyun. Amma kada mu jefar da abin gaba ɗaya. Akwai wuraren da musin ke warware matsala a kan madubi, ba don hasashe ba, don sanin mene ne ma abin.

Na farko, nau'in nan mai ƴan ƙananan curi da ake kira mikiropapiler. Curin ƙwayoyin suna zaune cikin ramuka, kuma MUC1 yana fitowa a bayansu, gefen da ke kallon nama, wato ƙwayar ta juya rigarta ciki ya koma waje. Wannan nau'in yana saurin bin hanyoyin kaluluwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin rabe-rabenta na 2019. Antikor ɗin EMA da kusan kowane labon imuno ke da shi, MUC1 ɗin ne yake kamawa, ba sai an sayo sabo ba.

Na biyu, kansar da ke kwaikwayon gilan na ɓangaren tumbi na sama, wadda Japanawa suka bayyana a 2010. Tana ɗauke da MUC6 da pepsinojen I, tana tafiyar hawainiya, kuma sau da yawa cirewa ta hanyar fibroskopi, wato bututun leƙa tumbi da ake zurawa ta baki, ta ishe ta. Sanin ta yana hana a cire wa mutum tumbi a banza.

Na uku, kansar da ta yi kama da lafiyayyen bango har mai duba biyopsi, wato ɗan naman da aka tsinko, ya ɗauka warkewar gyambo ce. Irin wannan galibi mai ɗabi'ar tumbi ce, MUC5AC da MUC6, kuma ganin sun fito a hargitse, ba a mazauninsu na sama da ƙasa ba, yana sa a sake duba da kyau.

Ɗan Magarya: Malam, wannan “ɗabi'ar tumbi” da “ɗabi'ar hanji” ita ce ta Lauren?

Mai Madubi: A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Lauren, likitan ƙasar Finlan, ya raba kansar tumbi a 1965 bisa siffa kawai: mai yin gilan, wadda ya kira ta hanji, da mai watsuwa ƙwaya ɗai-ɗai. Rabon musin kuwa na rini ne. MUC5AC ko MUC6 ɗabi'ar tumbi. MUC2 ko CD10 ɗabi'ar hanji. Duka biyu, gauraye. Babu ko ɗaya, marar ɗabi'a. Kuma rabe-raben biyu ba sa hawa kan juna: kansa tana iya zama “ta hanji” a wurin Lauren amma rininta na tumbi ne tsantsa. Masu watsuwar nan da masu siffar zobe ma, a farkonsu yawanci MUC5AC suke ɗauke da shi.

Ƴar Zango: To ga inda gizo ke saƙar. A kan wannan rabon huɗun, binciken bai tsaya a magana ɗaya ba. Wasu sun samu ɗabi'ar tumbi ce mafi muni, wasu sun samu marar ɗabi'a ce. A kan MUC5AC, wasu sun ce ɓacewarsa alamar ciwo ya yi nisa ce, wasu ba su ga bambanci ba. Kuma dalilan saɓanin sanannu ne.

Iyakar da ake cewa “ya fito” ba ɗaya ba ce: wani ya ɗauki kashi 5, wani 10, wani 25. Antikor ba ɗaya ba ne: a MUC1 kaɗai akwai Ma552 mai kama ƙashin furotin, akwai Ma695 mai kama ɓangaren sukari, akwai DF3, akwai E29. Bulok ɗaya, wato naman da aka daskarar cikin kakin parafin, zai iya ba ka amsa biyu. Sannan ciwon kansa ba launi ɗaya ba ne, samansa na iya rinuwa da MUC5AC, gindinsa da ke cin nama ya zama fayau. Wanda ya rina biyopsi da wanda ya rina gindin ciwo ba abu ɗaya suka auna ba. A ƙarshe, sau da yawa idan aka sa matakin TNM cikin lissafi, ƙarfin musin sai ya ragu ko ya ɓace, ma'ana yana maimaita abin da mataki ya riga ya faɗa ne.

Uwar Labo: Ranku ya daɗe, ku yi mini izini in shigo. Duk wannan muhawarar ta ɗauka naman ya iso labo da ransa. A zafin Damagaram nan ne ake asarar yawancin rini, tun kafin a buɗe kwalbar antikor.

Formol ɗin da ake saye mai ƙarfin kashi 37 zuwa 40 ne. Ana ɗaukar mililita 100 a zuba a ruwan da aka tace mililita 900, a sa giram 4 na sodiyom fosfat mai hannu ɗaya da giram 6.5 na mai hannu biyu, pH ya tsaya wajen 7. Wannan shi ne formol kashi 10. Kuskure uku ne ke yawo. Wani ya zuba shi tsantsa: bayan nama ya ƙone ya yi tauri, cikinsa ya ruɓe. Wani ya samu wanda aka riga aka sirka ya sake sirka shi sau goma: ruwa ne kawai mai wari. Wani kuma ya sa a ruwan gishiri na ƙarin ruwa ko a alkol don formol ya ƙare. Formol marar fosfat kuma yana tsami da daɗewa, ya bar baƙin ƙura mai kama da rinin DAB na imuno a kan lam, wato gilashin da ake ɗora yankan nama. Ruwan Bouin mai rawaya da tsofaffin littattafan Faransa ke yabo, a bar shi, yana ɓata gwajin HER2 na kwayoyin gado.

Lokaci: daga cirewa zuwa shiga formol kada ya wuce awa ɗaya. Zama a ciki awa 6 zuwa 72. Yawan ruwa ninki goma na girman nama ko fiye. Formol yana ratsa nama kamar milimita ɗaya a awa a farko, sannan ya rage gudu, don haka tumbin da aka jefa a rufe cikin bokiti cikinsa zai narke kafin ruwan ya kai. A buɗe shi ta babban lanƙwasa, a kauce wa ciwon, a ɗauraye a hankali ba tare da gogewa da kompires ba, don ƙwayoyin saman nan masu MUC5AC da gogewa ɗaya suke tafiya. A shimfiɗa a kan kwali mai kauri, a kafe da allurai, a kifa shi cikin ruwan.

Kuma kwalba mai faɗin baki. Nama yana shiga ƙaramin baki da laushinsa, in ya sha formol ya sandare ba ya fitowa sai an fasa.

Ɗan Birni: Hajiya, Allah ya saka. Batun hanya fa? Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne.

Uwar Labo: Shi ne babban abin, Dokta. A rubuta ranar da awar da nama ya shiga formol a jikin kwalba da fensir, ba da bik ba, don tawada tana wankewa. A ƙidaya kwanakin: fiɗa ranar Alhamis, dangi su tara kuɗi, kar ta tashi Litinin, labo ya karɓa Talata, ka ga an haura awa 72 tun tuni. Naman da ya kwana mako biyu a formol yana rinuwa da hematoksilin, rinin yau da kullum, lafiya lau, amma imuno ɗinsa ya raunana, kuma “bai fito ba” ɗin da za a rubuta ba na ciwon ba ne, na kwalba ne. Inda hali ya yi, a mayar da nama bulok ɗin parafin a wuri mafi kusa, a aika bulok. Shi ma a naɗe shi, kada a bar shi a but ɗin mota a watan Afrilu ko Mayu, parafin yana narkewa a digiri 56 zuwa 58 kuma yana laushi tun kafin nan. Kada a aika lam da aka yanka aka ajiye makonni, zafi da iska suna cinye abin da antikor ke nema.

A kan tebur kuma: yanka mikiron 3 zuwa 4 a kan lam mai riƙo. Dafawa a ruwan sitrat pH 6 ko EDTA pH 9, gwargwadon abin da takardar antikor ta ce, kamar minti 20, a bar shi ya huce a cikin ruwansa. Ruwan oksijene kashi 3 na minti 10. A lokacin hunturu iska tana busar da lam cikin ƴan mintuna, kuma lam ɗin da ya bushe a tsakiyar aiki bakinsa duka zai yi ruwan ƙasa kamar ya fito. A sa shi a akwati mai murfi da jiƙaƙƙiyar auduga. Antikor yana son digiri 2 zuwa 8, don haka firigon da wuta ke ɗaukewa a kansa yana buƙatar ma'aunin zafi a ciki da littafin rubutawa safe da yamma.

Abin daɗi da musin shi ne shaidarsa tana cikin lam ɗin. In akwai lafiyayyen bango a gefen ciwo, dole MUC5AC ya fito a sama, MUC6 a ƙasa. In su ma ba su fito ba, rinin ne ya mutu, kada a rubuta komai. Don MUC2 a ɗora ɗan yankin hanji a gefen lam.

Na Mirriya: Ni ta ɓangaren fibroskopi zan shigo, domin a ganina amfanin musin mafi girma yana gaban kansa ne, ba bayanta ba.

Wani likita mai suna Correa ya tsara matakan da ke kai wa ga kansa tun 1975: kumburin bango na shekaru, sai gilan su ƙanjame, sai bangon ya rikiɗe ya koma irin na hanji, sai ƙwayoyi su fara lalacewa, sai kansa. Mai tura wannan keken yawanci ƙwayar cutar Helikobakta ce, wadda hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon ta sa a rukunin farko na masu haddasa kansa a 1994. Kuma mu'amalarta da musin kai tsaye ce: tana maƙalewa a sukarin Lewis b da ke jikin MUC5AC, shi ya sa take zama a sama. MUC6 na ƙasa kuwa yana ɗauke da wani sukari, alfa-GlcNAc, da ke hana ta girma, kamar yadda ƙungiyar Nakayama ta nuna a 2004. Ɓerayen da aka cire musu ikon yin wannan sukarin sun yi kansar tumbi da kansu.

Rikiɗar nan iri biyu ce. Cikakkiya: bangon ya zama ƙaramin hanji sosai, MUC2 ya fito, musin ɗin tumbi sun tafi. Marar cika: MUC2 ya zo amma MUC5AC da MUC6 ba su tashi ba, ƙwayar ta tsaya tsakani. Masu bincike na Porto a Fotugal ne suka fayyace haka a 1999. Marar cikar ce ta fi hatsari, kuma mai ita, ko wanda rikiɗar ta kama masa sama da ƙasan tumbi duka, shi ake sa wa ido da fibroskopi kamar duk shekara uku.

Amma sai an ɗebo daidai. Biyar ne a tsarin Sidni: biyu a ƙasan tumbi, ɗaya a kusurwa, biyu a jikin tumbi, na ƙasa da na sama a kwalba daban. In kuwa gyambo ne mai kaurin baki, 6 zuwa 8 daga bakinsa ta kowane gefe, ba daga tsakiya ba inda mataccen nama ne kawai.

Ɗan Magarya: To Yaya, wannan rarrabewar sai da imuno?

Uwar Labo: A'a ɗana. Gwanin ido yana rarrabe yawancinsu da hematoksilin. In ana son tabbaci, PAS da shuɗin Alsiyan sun isa, kuma ba sa buƙatar antikor. Shuɗin Alsiyan kashi 1 cikin asid asetik kashi 3, pH 2.5, minti 30. A wanke. Asid periyodik minti 5 zuwa 10, ruwan Schiff minti 15, a wanke da ruwan famfo har launi ya tashi. Musin ɗin tumbi yana fitowa ja mai ruwan hoda, na hanji shuɗi kamar an tsoma a marina, gauraye kuma shunayya. Ruwan Schiff kaɗai ke son firigo da duhu. Gwajinsa: ɗiga shi a ɗan formol, in ya yi ja-shunayya nan take yana da rai, in ya yi jinkiri ya koma shuɗi-shuɗi a zubar.

Mai Madubi: Wannan rinin ne ma ke kamo ƙwayoyin zobe da suka ɓuya ɗai-ɗai a biyopsi. Sai dai a yi hattara, ƙwayoyin share datti da suka haɗiye majina ko kitse suna kama da su ƙwarai. Sitokeratin ke raba gardama: ƙwayar zobe tana ɗauka, mai share datti ba ta ɗauka, ita CD68 take ɗauka. Wani abin kuma da ya shafi Hajiya Ƴar Zango: bayan shimiyon gaban fiɗa akan ga tafkunan majina a bango ko a kaluluwa babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Wannan ba a ƙidaya shi ciwon da ya rage. A ƙara yanka a tabbatar, amma kada a ɗaga wa mutum mataki saboda majina kawai. Sunan “kansa mai majina” ma sai majinar da ke waje ta haura rabin ciwon.

Ɗan Magarya: Gwajin jini fa? Ana yawan rubuta CA 19-9 da CA 125.

Ƴar Zango: Su ma dangin musin ne. CA 125 shi ne MUC16, CA 15-3 shi ne MUC1, CA 19-9 kuma sukari ne da ke hawa kan musin. Ba a gano kansar tumbi da su, ba a kuma kore ta da su. Amfaninsu, in sun hau kafin magani, a bi su a ga ko sun sauka.

Tarko biyu sun shafe mu kai tsaye. CA 19-9 sai mai rukunin jini na Lewis ke iya yin sa, kuma marasa shi sun fi yawa a baƙar fata: a Baƙaƙen Amurka kusan mutum ɗaya cikin biyar ne, a Turawa kamar 6 cikin 100. Irin wannan mutumin ko ciwo ya cika shi sakamakonsa zai zo ƙasa. Yana kuma hawa a shawarar toshewar hanyar matsarmama ba tare da kansa ba. CA 125 kuwa duk abin da ya taɓa tantanin ciki yana ɗaga shi: tarin fuka na ciki, ciwon hanta mai tara ruwa. Mace mai ruwan ciki da CA 125 a sama, a ƙasarmu, kada a yanke mata hukunci kafin a duba ruwan. In kuma an ga ƙari a ƙwan mahaifa duka biyun, a leƙa tumbi kafin a shiga fiɗa, don ƙwayoyin zobe suna sauka can.

Mai Madubi: Abu ɗaya nake so in tsaya a kai. Kusan duk abin da muka ambata a Japan, Koriya, Sin da Turai aka auna shi. A 1992 wani likita mai suna Holcombe, daga aikinsa a Maiduguri nan maƙwabtanmu, ya yi rubutun da ya kira abin ɗaure kai na Afirka: Helikobakta ta cika ko'ina amma kansar tumbi da ake gani kaɗan ce. Har yau ana gardama ko kaɗan ɗin ce da gaske ko kuwa rashin fibroskopi da rajista ne. A duniya ƙiyasin 2022 ya ba da sababbin masu ciwon kusan 968,000 da mutuwa kusan 660,000. Ɗaliban likitanci na Jami'ar André Salifou suna neman batun kammala karatu kowace shekara. Duba musin a bulok ɗin mutanenmu aiki ne da ya cancanta, amma da kuɗin bincike, ba da kuɗin majinyaci ba.

Ƴar Zango: A kan wannan muna tare, Malam, da sharaɗi. A tsayar da antikor ɗaya da iyaka ɗaya, kashi 10, a rubuta kafin a fara, ba bayan an ga sakamako ba. Mutum biyu su karanta lam ba tare da sanin makomar majinyacin ba. A rina gindin ciwo, ba samansa kaɗai ba. Kuma lissafin rayuwa yana son kamar mutuwa goma ga kowane abu ɗaya da aka sa a ma'auni: mataki, shekaru, nau'in Lauren, bakin yanka, MUC1, abu biyar ke nan, wato mutuwa 50 da aka tabbatar da ranarsu. Abin da ke kashe irin wannan aikin shi ne ɓacewar majinyata bayan sallama. Wanda ya koma ƙauye wajen Tanut ko Gure, in ba a karɓi lambar waya biyu ko uku ba tun ranar kwanciya, tasa da ta ɗansa da ta majalisar lafiya ta garinsu, ba za a sake jin labarinsa ba.

Ɗan Birni: A ƙara da awar shiga formol a takardar kowane samfuri. Duk bulok ɗin da ba a san tsawon zamansa a kwalba ba, a ware shi gefe a lissafi.

Na Mirriya: Ƙanena, kafin ka tafi. Wanda ya haura shekara 45 ko 50 ya zo da ciwon ciki sabo, ko kowane mai shekaru da ke ramewa, yana amai bayan cin abinci, kashinsa baƙi, jininsa ya yi ƙasa, ko kaluluwa ta fito masa a saman ƙashin wuya na hagu, fibroskopi yake buƙata a makon nan. Ka tambaye shi wata nawa ya yi yana shan omeprazol na kanti ko jiƙon kanwa, domin suna kwantar da zafin har ma gyambon ya yi kamar ya rufe alhali ciwon yana ci ta ƙasa. In za a nemi Helikobakta, a dakatar da omeprazol mako biyu, antibiyotik mako huɗu. Gyambon tumbi kuma, ko biyopsin farko ya zo da tsabta, a sake leƙawa bayan mako 8 zuwa 12 a sake ɗiba.

Ɗan Magarya: Allah ya ƙara ilimi malamaina. Hajiya, in kwalba ɗaya ce kawai a ɗakin fibroskopi, yaya za a raba na sama da na ƙasa?

Uwar Labo: Tib ɗin ɗibar jini marar komai a ciki, mai jan murfi, ya isa biyopsi. Mililita 3 zuwa 4 na formol a kowane, lamba 1 da 2 a jiki, a manne murfin da sparadara, a sa su tsaye cikin leda daban da takardar.